Taya Mai Ƙusa a Kwaltar Doha

Akwai labarin da ake bayarwa a gidan nan duk ranar da aka taru cin abinci, wai ni na tsare surukina Iliya a bakin titi wata Juma'a, na kwance tayoyin motarsa guda huɗu na riƙe a matsayin sadakin 'yar'uwarku Saratu. Yayanku Bulus ya fi kowa iya ba da shi, har yana kwaikwayon tafiyata da sifana a hannu, alhali yana Kaduna lokacin da abin ya faru. Nakan yi dariya tare da ku, domin labarin da daɗi. Amma kwanan baya na ji jikata tana gaya wa ƙawarta cewa kakanta ya sayar da mamanta a kan taya, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi tun ina tunawa.

Kun san da faci na fara, a bakin tasha a Zariya. Daga nan na bi manyan motoci zuwa Agadas, na zauna Sabha, na koyi Larabci a ƙarƙashin tirela, kafin tafiya ta kai ni arewacin Suwidin, inda na yi shekaru a wani garejin taya. Can na fara ganin taya mai ƙusa. Ƙananan ƙusoshi ne ake dasawa a jikin robar, kansu kaɗai ke leƙowa, ba su kai ƙwayar gero biyu tsawo ba. Idan hanya ta zama ƙanƙara, su ne ke cizon ta su riƙe motar. Ita kanta robar mai laushi ce, an yi ta don kada sanyi ya sandarar da ita. A sanyina na farko ban san wannan ba, na fita da tayar bazara, na taka birki a wata kwana, motar ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita nake ba, har ta cusa hanci cikin tarin dusar ƙanƙara. Maigidana na can, wani tsoho mai ƙarancin magana, ya zo ya ja ni. Bai yi faɗa ba. Washegari ya zaunar da ni a ƙofar gareji ya ce in rufe ido in riƙa sauraron motocin da ke wucewa, in gaya masa wacce ke da ƙusa, wacce ƙusoshinta suka zube. Haka na yi har kunnena ya koya. A kan ƙanƙara ba ka jin komai sai ɗan gurnani. Amma idan ƙusa ta hau kwalta tsirara, sai ka ji kamar ana suyar gyaɗa da yashi a babban kasko. Da bazara ta shigo, gari duka ya ɗauki wannan ƙara, doka ta ce kowa ya cire, mu kuma a gareji ba ma samun lokacin shan shayi. Na ƙi jinin sanyin waccan ƙasar, amma ƙarar na so ta, domin ita ke gaya mini rana ta kusa dawowa.

Da muka komo Doha, mahaifiyarku tana aikin nas, ni ina kula da motocin wani kamfani, na ɗauka na rabu da wannan ƙara har abada. Gidanmu na Al Muntazah a hawa na biyu yake, taga tana kallon titi, ƙasa da mu shagon mai shawarma. A shekarar da nake ba ku labari, Saratu ta gama karatu ta fara aiki a asibiti, Iliya kuma, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ɗan mutanen Bauchi, ya turo manyansa an yi gaisuwar farko. Tun daga ranar ya zama suruki, ni ma na zama suruki, kunya ta shiga tsakaninmu yadda muka taso muka gani. Idan ya hango ni a bakin coci sai ya canza hanya. Idan ba makawa, sai ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon takalmina, ni kuma in amsa ina kallon sama. A Suwidin na ga saurayi ya kira uban budurwarsa da sunansa, ya buɗe firij ɗinsa ya ɗauki madara. Larabawan nan kuwa suruki kan zauna a majalisa ya sha gahawa da uban matarsa. Kowa da tasa. Mu tamu ita ce nisa, kuma ban taɓa jin ta dame ni ba sai a wannan mako.

Wata Litinin da la'asar ina zaune kusa da taga ina gyaran tabarau, sai na ji suyar gyaɗa tana tahowa daga kwanar titi. Na ajiye tabarau. Na ce wa kaina tsufa ne, kunne ya fara kawo mini tsofaffin kaya. Ƙarar ta matso, ta yi sannu, ta tsaya daidai ƙasan tagarmu. Wani daɗi ya kama ni wanda ban san daga ina ya fito ba, har na ji warin robar garejin nan da ƙamshin gahawar tsohon maigidana. Na leƙa ina murmushi. Saratu ce ke fitowa daga wata farar mota, Iliya yana riƙe da sitiyari ya sunkuyar da kai kada ya haɗa ido da taga. Murmushin ya tafi. Watan zafi ne, irin wanda kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi.

Da yamma na tambayi Saratu, ina kallon talabijin, ko motar da ta sauke ta sabuwa ce. Ta amsa wa mahaifiyarta, ba ni ba, kamar yadda ya kamata. Ta ce wani Bature da suka yi aiki da Iliya ne ya sayar masa da ita da zai koma ƙasarsu, ya kuma ba shi kyautar tayoyi huɗu da suka zo tare da kayansa a kwantena, ko sau ɗaya ba a hau su a nan ba. Tsofaffin tayoyin sun cinye, sai Iliya ya sa aka ɗaura waɗannan. Mai shagon taya ya yi ta girgiza kai, amma Iliya ya bayyana masa cewa ƙusoshin na riƙe yashi ne, irin na masu shiga sahara. Ta ce duk abokansa sun zo kallo. A muryarta na ji ita ma tana alfahari da su.

Sai mahaifiyarku ta ƙara da cewa ranar Juma'a, bayan an tashi coci, domin a Doha ranar ake zuwa coci, Iliya zai kai su garin Al Khor barka, yayarsa ta haihu. Ita da Saratu, a wannan motar.

Ku da kuka san hanyar Al Khor kun san ba wanda ke tafiya sannu a kanta. Na zauna ina lissafa abin da na sani. Ƙusa ba ta cizon kwalta, zamewa take yi a kai, don haka birki ba zai kama inda direba ya saba ba. Roba mai laushi da aka yi don sanyi, idan ta yi gudu a kan kwalta mai zafin tsakar rana, tana iya rabuwa. Kuma tayar ta daɗe a ajiye, wa ya san shekararta. Matata da 'yata da ɗan mutane za su hau wannan.

Na faɗa wa mahaifiyarku bayan Saratu ta shiga ɗaki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tuna mini cewa saurayin Saratu na farko na ce hancinsa na maƙaryata ne, na biyu na ce ba ya rufe ƙofar mota da hankali.

“Malam, yanzu da ka rasa abin faɗa a jikin yaron, ka koma tayarsa?”

Na ce to bari in kai su da tawa motar. Ta ce yaro ya riga ya yi tayi, an amsa, idan aka fasa yanzu danginsa za su ce motarsa muka raina, daga mota kuma sai a ce shi. Ta yi gaskiya a wannan. Kuma ko da na kai su, Iliya zai ci gaba da yawo a kan ƙusoshinsa kowace rana.

Hanyar da al'ada ta bari ita ce ɗan aike. Maƙwabcinmu Alhaji Sanusi, mutumin zangon Kumasi, direba ne, abokin wasana tun zuwanmu unguwar. Shi yake kirana Baturen Zariya, ni ina kiransa Sarkin Kwana saboda yadda yake shan kwana da mota. Na zayyana masa komai, ya ce khalas, in ɗauka an gama. Ya sami Iliya a Al Mirqab inda yake aiki, ya zaunar da shi ya sha shayi. Amma Alhaji mutum ne da ba ya iya ɓata wa kowa rai. Ya fara da yabon motar, ya yabi hankalin yaron, ya ce Baba masanin taya ne tun ƙasar Turawa kuma ya lura da nasa sosai, ya kamata a kula da su. Kafin ya iso inda maganar take, an kira Iliya gyara. Ranar Laraba motar ta sake tsayawa ƙasan tagata, tayoyin an wanke su an shafa musu mai suna ƙyalli, ƙusoshin kamar haƙoran azurfa. Har Iliya ya ɗan daɗe kafin ya ja motar, don in gani da kyau.

Alhamis na yini ina juya abin. Idan na yi wa yaron magana kai tsaye, na karya abin da ubana da kakana suka riƙe, kuma na kunyata shi a gaban wadda zai aura, a kan abin da yake taƙama da shi. Na san samari sun fasa aure a kan abin da bai kai wannan ba. Idan na yi shiru, Juma'a za ta zo. Da yamma na sauka na zagaya inda na san yakan ajiye motar idan ya zo, na same ta a wurin, na duba lambar da ke gefen tayar. Motarsa da tawa kamfani ɗaya ne, ƙira ɗaya, irin da ta cika Doha. Tayoyina za su hau tasa har da rim, ƙarfen da taya ke zama a kai. Na hau sama na ciro tsohuwar rigar aikina daga ƙasan akwati.

Juma'a da sassafe Iliya ya iso don ya fara kai su coci. Na ji shi tun daga kwana. Mata suna ciki suna ɗaurin kallabi. Na sa rigar aiki, na ɗauki jak da sifana, na ƙwanƙwasa wa Alhaji, muka sauka. Da Iliya ya gan ni na nufo shi, ya fito da sauri ya durƙusa a bakin titi, ya duba hagu ya duba dama, babu inda zai gudu. Ni ma ban san yadda zan fara ba. Sai na juya masa baya, na tsuguna gaban tayar gaba, na yi wa tayar magana.

“Ke, na san ki. Me ya kawo ki ƙasar nan?”

Alhaji ya juya yana tari. Na ci gaba da gaya wa tayar inda na san ta, da aikin da aka yi ta dominsa, na nuna mata hoton dutse da furen ƙanƙara da ke gefenta, na danna farcena a robar ya shige kamar a tuwo. Na ce mata a kan ƙanƙara babu kamarta, ta ceci raina ba sau ɗaya ba, amma a nan ba ta da abin cizo. Sai na ji muryarsa daga bayana ƙasa-ƙasa.

“Baba, an ce mini na yashi ne.”

“Wa ya ce?”

Ya ce shi ya ce wa kansa.

A nan na so yaron, ina gaya muku. Wani da sai ya ɗora wa Baturen. Na miƙa hannu ta baya ba tare da na waiwaya ba, ya sa mini makulli. Na ce ya shiga gaba. Ya ce a'a, baya zai zauna. Alhaji ya ce yalla, mu tafi, ya tura shi gaba ya rufe ƙofa, shi kuma ya ɗauki tawa motar ya biyo mu.

Titunan Doha ranar Juma'a da safe babu kowa. Na sauke gilashi. Ƙarar ta cika motar, gyaɗa tana soyuwa a ƙarƙashinmu, da na ɗan ƙara gudu ta koma wani dogon amo da na yi shekaru ina kwana da shi a kunne. Na manta da wanda ke gefena. Na kama kaina ina ba shi labarin yadda muke cire taya ɗari kafin abincin rana, da yadda tsohon nan yake gane motar likitan gari daga ƙusoshi uku da suka zube mata. Iliya yana zaune a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, idonsa a kan hanya, amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

A Nu'aija akwai wani babban filin ajiye motoci kusa da filin ƙwallo, fayau a wannan lokaci. Alhaji ya ajiye gorar ruwa a tsakiya, ya ajiye hularsa can gaba da ita, ya ce duk wanda ya taka masa hula zai san shi. Na ba Iliya sitiyari na ce ya zo da gudun cikin gari kawai, ya taka birki daidai gorar. Ya zo, ya taka. Ƙusoshin suka yi kuka a kan kwalta, motar ta ja jiki ta wuce hular da tsawonta guda, ta bar fararen layuka a ƙasa. Alhaji ya ɗauki hularsa yana kaɗe ta yana ce mini Baturen Zariya, ka ci bashin hula.

Muka sa jak. Ni ina kwance noti, Iliya yana ɗaga taya, Alhaji yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Rana ta fara cizo, zufa tana shiga mini ido, gwiwoyina suna tuna mini shekaruna. Taya takwas muka sauya, nawa suka koma kansa, nasa suka dawo kaina. Sau biyu hannunmu ya haɗu a kan sifana, kowa ya janye kamar ya taɓa wuta. Da muka gama na ce ya sake gwadawa. Ya zo da irin gudun farko, ya taka a gorar, motar ta tsaya cak, hular tana gabansa da 'yar tazara. Bai fito ba. Ya daɗe yana riƙe da sitiyari. Da na leƙa ta taga, a karo na farko tun da aka yi gaisuwa ya dube ni a ido.

“Baba, da waɗancan zan ɗauki Mama?”

Na ce ai bai ɗauke ta ba, ya je yanzu ya ɗauke ta, sun makara.

Ni na koma gida a kan ƙusoshi, sannu kamar mai rakiyar amarya, gilashi a sauke, Alhaji a gefena yana cewa mutane na kallonmu. Na bi doguwar hanya da gangan. Na san shi ne karo na ƙarshe da zan ji wannan ƙara a ƙarƙashina, kuma na sha ta har ƙofar gida.

Abin bai tafi kyauta ba. Sun shiga coci ana tsakiyar wa'azi, mahaifiyarku kuwa ba ta taɓa makara ba tun da na san ta. Kwana uku tana ajiye mini abinci ba magana. Labari ya zagaya matan zumunta cewa an ga Malam Dauda da surukinsa a gaban mota ɗaya suna yawo, ya kai har gida, ƙanin mahaifina ya bugo waya yana tambaya ko zaman Turai ne ya cire mini kunya. Motata ta yi makonni a tsaye kafin in samo mata tayoyin da suka dace, ina bin bas a cikin zafin nan. Abin da ya fi damuna shi ne Iliya ya ɗauke ƙafa. Mako guda ba a ji motarsa ba, Saratu tana shiga tana fita ba ta kallona, ni kuma ina zaune bakin taga ina tunanin ko na ceci tafiyar Al Khor na kashe auren.

Rana ta takwas aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, shi kaɗai, ba ɗan rakiya. Ya durƙusa kamar kullum, amma a hannunsa akwai ɗan awon iskar taya, sabo fil. Ya ce ya zo ne Baba ya koya masa karanta abin da ke rubuce a gefen taya, domin ba ya so ya sake gaya wa kansa abin da bai sani ba. Mahaifiyarku tana bakin kicin tana ji. Ta dube ni, ta dube shi, ta koma ciki, sai ga ta da kofi biyu na shayi a faranti ɗaya. Wannan ce sulhunmu da ita.

An ɗaura aure a ƙarshen shekarar, da sadaki na gaskiya, Bulus ya sani domin shi ya karɓa. Tayoyin nan huɗu kuwa ba a jefar ba. Mahaifiyarku ta sa aka hau da su rufin bene ta cika su da ƙasa, yakuwar da kuke ci a miya daga cikinsu take fitowa. Ƙusa ɗaya na cire na ajiye a gwangwanin allurarta.

Kunyar ba ta tafi duka ba, kuma ban so ta tafi ba. Har yau Iliya ba ya cin abinci a gabana. Amma duk lokacin da zai yi doguwar tafiya da iyalinsa, sai ya biyo ta titinmu ya wuce ƙasan tagata a hankali, ni kuma in rufe ido in saurara. Idan na ɗaga hannu, ya tafi. Jiya suka zo ba su sanar ba. Ina zaune a wurin da na saba, taga a buɗe, ban san sun iso ba sai da jikata ta buga ƙofa tana kiran Kaka. Na tambaye ta da me suka zo, ta ce da motar babanta mana. Ko kaɗan ban ji ta ba, kunnen ya fara tsufa.